Ranar da Ulamila Ta Ɗauki Ɗan Baƙuwa

Tun tana ƙarama aka san Ulamila da zafin zuciya a ƙauyen Vunidilo, wanda ke kan wani ƙaramin tsibiri. Ubanta masunci ne, uwarta mai saƙar tabarma, dukansu masu sanyin hali, har mutane kan rasa inda ta gado wannan wuta. Tana 'yar firamare ta taɓa jifan wani malami da ɓawon kwakwa saboda ya doki ƙanenta Peniasi a kan laifin da ba nasa ba. Aka kore ta, aka sa baki aka maido ta, amma kalmar ban haƙuri ba ta fito daga bakinta ba. Uwarta kan girgiza kai ta ce, "Wannan yarinya, ko teku ce ta taka mata ƙafa sai ta tsaya ta ji dalili."

Ta auri Sakiusa, mutum mai yawan dariya, wanda in ta taso da faɗa sai ya zauna ya miƙe ƙafa yana saurare kamar an kunna masa rediyo. Sun yi zaman daɗi, sai dai bai yi tsawo ba. Wani ɗan kasuwa ya zo tsibirin da tukwanen iska na haya, ya ɗebi samari su riƙa nutso can ƙarƙashin teku suna kwaso masa abin da zai sayar a waje. Wata rana aka ciro Sakiusa rabin jikinsa a shanye. Bai shekara ba ya rasu, ya bar ta da 'ya ɗaya, Litiana, wadda a lokacin ta fara tafiya ke nan. Ɗan kasuwan ya aiko da buhun shinkafa da gaisuwa. Ulamila ta ja buhun nan har bakin ruwa, ta farke shi, ta zuba wa kifi.

Fushi ba ya cika tukunya. Da zaman makoki ya wuce, ta ajiye Litiana a hannun uwarta, ta hau jirgin kaya zuwa babban tsibiri, ta samu aikin reno a wani otal kusa da garin Nadi. Turawa za su kawo mata 'ya'yansu da safe, su tafi iyo da shan iska, sai yamma su dawo. A nan ta koyi Turanci har ya zauna a bakinta, ta kuma koyi abin da ya fi mata Turanci wuya, wato haɗiye magana. Ranar da ta fara aiki manaja ya ce mata murmushi yana cikin kayan aiki, kamar riga da takalmi. Ta sa shi, ta yi shekara kusan ashirin ba ta cire ba.

Ta iya aikin ƙwarai. Yaron da ya gagari uwarsa, da ta ɗora shi a ƙugu sai ya yi tsit. Akwai iyayen da kan dawo otal ɗin shekara bayan shekara suna tambayarta da suna, yaran kuma su yi ta kuka ranar tafiya suna riƙe da zaninta. Wasu iyayen mutanen kirki ne, ba ta taɓa musun wannan ba. Amma akwai abu guda da idonta bai taɓa sabawa da shi ba. Sau da yawa uwa za ta karɓi ɗanta daga hannunta tana godiya, tana washe baki, sai ta ɗan juya baya ta zaro ƙaramar kwalbar ruwan nan mai warin asibiti, ta goge hannun yaron yatsa bayan yatsa. Ulamila ta ga wannan ba ta san iyaka ba, kullum da murmushin aiki a fuskarta.

Gida kuwa sai lokacin Kirsimeti. In ta sauka daga jirgi da jakar tsaraba, Litiana sai ta ɓuya a bayan kakarta, ta leƙo da ido ɗaya. Har ta yi wayo Goggo take ce mata.

Gwiwoyi ne suka maido ta Vunidilo, ga uwarta ta tsufa tana bukatar mai jinya. Ta yi jinyar har ta binne ta. A lokacin Litiana ta zama mace, ta yi aure, auren ya mutu, ta dawo da 'yar ƙaramar yarinya mai suna Karalaini, ana kiranta Kara. Ba a jima ba aka zo ɗiban mata masu kula da tsofaffi a Ostareliya. Litiana ta ba da sunanta. Ulamila ta raka ta bakin ruwa riƙe da hannun Kara, ta kuma rasa bakin hana ta, don ta san wa ya fara nuna mata hanyar.

To, a wannan tsakanin ne babban jirgin 'yan yawon buɗe ido ya fara tsayawa a tsibirin. Yakan kafa anga can nesa, fari fat, ya fi tudun bayan gari tsayi, sai ƙananan jiragensa su yi ta jigilar mutane zuwa gaɓa har su ninka mutanen ƙauyen. Peniasi, ƙanen nan da ta taɓa yin faɗa dominsa a makaranta, shi ne wakilin gari a lokacin, kuma shi ya yi ta zirga-zirga har aka sa Vunidilo a hanyar jirgin. Gaskiya an ga amfani. An sake rufin coci, an sayo injin kwale-kwale, matan da a da ba su da abin yi suka samu kasuwar tabarma da ɗanyar kwakwa da dafaffen kaguwa da kitso. Ita kanta Ulamila tana saƙa tabarmi ana sayar mata.

Abin da ya tsaya mata a maƙogwaro shi ne maganar yara. Duk ranar da jirgi zai zo sai a rufe makaranta. A tuɓe wa yaran riguna, a shafe su da man kwakwa, a zizara musu gawayi a kumatu, a ɗaura musu bujen ganye, a jera su a kan rairayi suna waƙa, an ajiye babban kwano a gabansu. Masu kuɗi a hannu sun fi son ƙanana, saboda haka har waɗanda ba su isa shiga aji ba ake kawowa.

Ta samu Peniasi a ƙofar gidansa yana gyaran taru.

"Peniasi, yaushe kakanninmu suka taɓa shafa wa jarirai gawayi suka shanya su a rana?"

"Yaya, al'ada ce muke nuna musu."

"Al'adar gidan wa? Ni na girme ka, ban gan ta a gidanmu ba. Mu da muna yara riga muke sawa mu tafi makaranta."

"Kin ga sabbin bencina a ajin? Daga kwanon nan suka fito."

"Bencin da ba a zama a kai ranar da jirgi ya zo?"

Ya ajiye tarun ya dube ta. "Ke fa kin shekara ashirin kina yi wa Turawa murmushi ana biyanki. Yau don yara sun yi na yini ɗaya ya zama abin kunya?"

"Ni babba ce na yi, da idona a buɗe, na kuma san abin da ya ci mini. Ka ji ni da kyau, Kara ba za ta tsaya a layin nan ba. Duk wanda ya tuɓe mata riga, ni da shi ne."

Aka yi ta tafiya a haka. In jirgi ya zo, Ulamila ta zaunar da Kara a gida, yarinyar tana leƙe ta taga, ƙawayenta su dawo da yamma kumatu cike da alawa suna yi mata gwalo. Kullum sai an yi kuka.

Ranar da abin ya faru zafi ake yi mai tsanani, an daɗe ba a ga ruwan sama ba. Rogon gida ya ƙare, sai Ulamila ta yi sammako zuwa gona, ta bar Kara wajen Mereoni, matar Peniasi, da niyyar dawowa kafin baƙi su sauka. Ƙasa ta yi tauri, gwiwa ta ƙi ba ta haɗin kai, ba ta dawo ba sai da rana ta take. Ta tarar da gidan Mereoni ba kowa. A kan tabarma ga rigar Kara mai furanni, an ninke ta tsaf.

Ta sauke kwandon rogo, ta jingine addarta a jikin bango, ta nufi bakin teku.

Gaɓar ta cika maƙil. Lokacin hutun makarantu ne a ƙasar baƙin, don haka kusan kowa da yara ya zo. Iyaye maza na fama da kekunan jarirai da suka kafe a rairayi, iyaye mata na bin yara da man kare rana suna shafa musu har sun yi fari kamar an tsoma su a gari. Kowane yaro da malafarsa, da gorar ruwansa, wasu har da laima. Ulamila ta ratsa su tana duban layin yaran ƙauyen. Suna nan inda aka jera su tun safe, kai ba hula, ƙafa ba takalmi, waƙar ta koma kamar kukan sauro don muryoyi sun dushe.

Kara ce a ƙarshen layi, ita ce mafi ƙanƙanta. Wani ƙato mai jan wuya ya ɗaga ta ya ɗora a kafaɗa, matarsa ta ɗauki hoto, ya dire ta kamar tulu, ya wuce. Kafin yarinyar ta gyara tsayuwa wata ta jawo ta ta zaunar a cinya. Ba wanda ya tambayi kowa. Mereoni na gefe tana tafi tana cewa yara su ƙara murya.

Sai ga wata baƙuwa, doguwa, da ɗanta namiji wanda bai wuce shekara biyu ba, gashinsa kamar zaren masara. Ta tsayar da shi kusa da Kara, ta kama hannuwansa ta zagaya wuyan yarinyar da su, tana cewa ya rungume ta, ya sumbace ta. Yaron ya yi. Ta ɗauki hoto, ta duba, ta yi dariyar jin daɗi. Daga nan ta tsuguna ta buɗe jaka ta zaro 'yar kwalbar nan. Ta goge tafin hannunsa, ta bi tsakanin yatsu, ta goge masa baki da kumatu.

Kara na tsaye tana kallo. Sai ta ɗaga nata hannuwan ta dube su, ta juya su, ta shiga goge su a jikin ganyen da aka ɗaura mata.

Daga baya Ulamila ta ce ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta wurin ba. Matar na mayar da kwalba cikin jaka, Ulamila ta sunkuya ta sure yaron ta ɗora a ƙugu. Hannun da ya saba ba ya mantuwa. Yaron ko motsin tsoro bai yi ba, sai ma ya kama kunnenta yana wasa da shi. Ta maido tsohon murmushin otal fuskarta, ta yi magana da Turancin da kowa a wurin zai ji.

"Kai, wannan yaro da kyau yake. Mereoni, zo ki ɗauke mu hoto. Bari in kai shi cikin gari maƙwabta su gani, ba su taɓa taɓa irin wannan gashin ba. Kada ki damu, uwar yaro, zan jefa wani abu a kwano."

Ta juya ta fara takawa zuwa inuwar bishiyoyin da ke bakin gari.

Ƙarar da matar ta saki sai da ta tsayar da waƙar. Ta biyo ta a guje, takalminta ɗaya ya fita, mijinta ya yar da gorar da ke hannunsa ya rufa mata baya. Nan da nan ma'aikatan jirgi masu rediyo a kafaɗa suka kewaye wurin, wayoyi suka tashi sama ko'ina. Ulamila ba ta yi nisa ba. Ta tsaya a inuwa, ta juyo, murmushin ya ɓace.

"Ba ni ɗana," in ji matar. "Don Allah ba ni ɗana. Wa ya ce ki taɓa shi?"

"Ke wa kika tambaya kafin ki taɓa tawa?" Ta nuna Kara da haɓa. "Waccan jikata ce. Kin san sunanta? Kin tambayi ina uwarta? Tun safe take tsaye a rana, naki yana da hula, yana da ruwa. Kin ɗauka daga cikin rairayi ta tsiro don ki yi hoto?"

Matar ta miƙo hannuwanta. Ulamila ta dubi fuskarta ta ga tsoro na gaske, irin wanda kowace uwa ta sani, kuma ganin hakan bai yi mata daɗi ba. Amma zuciyarta ba ta sauka ba. Ta miƙa mata yaron a hankali. Sai a lokacin ya fashe da kuka, don uwar ta matse shi da ƙarfi.

Ulamila ta buɗe tafin hannunta. "Ara mini ruwan nan naki. Ni ma in goge hannuna."

Ta tsaya kaɗan, da ta ga ba za a ba ta ba, sai ta wuce ta tsakiyarsu, ta tsinke ganyen da ke ƙugun Kara, ta kwance mayafin da ta ɗaura a kai ta lulluɓe ta, ta ɗauke ta. Da za ta gifta Mereoni ta ce mata da harshensu, ƙasa-ƙasa, "Ke kuma zan dawo kanki."

Kafin la'asar jirgin ya busa ƙaho ya kira mutanensa, tun lokacin tashi bai yi ba. Mata suka tsaya a bayan teburansu suna kallon ƙananan jiragen na komawa. Kaguwar da aka dafa, da kifin da aka gasa tun asuba, da kwakwar da aka riga aka fasa wa kai, duk suka zauna a rana.

Ba a yi mako ba aka bugo wa Peniasi waya daga kamfanin. An cire Vunidilo daga hanyar jirgi har sai an tabbatar da tsaron baƙi. Labarin kuma ya yi ƙafa ya yi fiffike. A bakin wasu, wata mahaukaciya ce ta so sace jariri. A bakin wasu har da adda a hannunta, addar da ke jingine a bangon Mereoni tana jiran mai ita.

Ƙauye ya juya mata baya. In ta iso famfo, hira ta mutu. A coci bencin da take zama ya zama nata ita kaɗai. Yara suka daina wasa da Kara, suna ce mata jikar mai korar jirgi. Yarinyar ta dawo gida tana shessheƙa ta ce, "Kaka, ni ina son in yi waƙar. Ke ce kika ɓata komai." Ulamila ta zuba mata abinci.

Aka kira taron gari a babban zaure. Maza na zaune a gaba kewaye da akushin yangona, abin shan gargajiya da ake jiƙawa daga saiwa, mata a baya. Peniasi ya yi bayani, ya ce kamfani na son a ɗauki Ulamila a waya tana ba matar nan haƙuri, a tura musu, sannan a duba maganar dawowa.

Ba al'ada ba ce mace ta ɗaga murya a wannan zaure, amma Ulamila ta ɗaga.

"Ni ɗan wata na riƙe na ɗan lokaci, a inuwa, na mayar mata da shi lafiya, duniya ta tashi. Naku 'ya'yan kuwa kowane jirgi sai an yi ta miƙa su hannu zuwa hannu kamar ƙoƙon sha, ba wanda ya kira taro. Kai Peniasi, ka san inda hotunan nan suke zuwa? Ka san wa ke kallon 'ya'yanmu ba riga a can? Ku da kuke zaune kuna shan yangona, wa ya taɓa tsayawa a layin nan ko na awa ɗaya ya ji yadda rairayin ke ƙuna? In matar nan za ta ba Kara haƙuri, ni ma zan ba ta. In ba haka ba, ku ɗauki hoton ƙeyata ku tura musu."

Wani dattijo ya ce a tuna mata inda take. Ta ce ta san inda take, a nan aka yanke mata cibiya. Taro ya watse ba a cimma komai ba.

Wadda ta iya da ita ba a zaure ta same ta ba. Asenaca ce, ƙawarta tun ƙuruciya, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Ta zo da hantsi, ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Mila, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Ni ma raina ba ya so in ga autana a layin nan. Amma ke 'yarki na can tana turo miki. Ni wa zai turo mini? Kaguwar da na dafa ranar nan, kwana na yi a cikin laka ina kamawa. Aladu na zuba wa. Babbar 'yata an maido ta daga makarantar kwana, tana gida tana kallona. Kin huce haushinki, kin ji sanyi. Mu ne muke biya."

Asenaca ta juya ta tafi.

Ranar Lahadi Litiana ta kira. Ta ga hoton abin a waya, can Ostareliya, abokan aikinta na nuna wa juna ba su san uwarta ba ce. Ulamila ta zaci ko ita za ta goya mata baya.

"Inna, na gode da kika tsaya wa Kara," in ji Litiana. "Amma sai da na yi ta kallon yadda kika ɗora yaron nan a ƙugu. Ni ban tuna kin taɓa ɗaukata haka ba."

"Don ki ci ki yi karatu na tafi."

"Na sani. Ni ma abin da nake gaya wa kaina ke nan kullum in ina wanke tsoffin mutane."

Bayan sun ajiye waya Ulamila ta fita bayan gida ta kama faskaren itacen da ba ta bukata, har sai da kafaɗarta ta gaza.

Washegari ta tono saiwar yangona mafi girma a gonarta, ta wanke, ta ɗaure yadda ake yi in za a nemi gafara. Mutane suka ga ta fito da ita suka ce to, yau dai dutse ya narke, gidan wakilin gari za ta. Sai ta wuce gidan Peniasi ko kallo bai ishe ta ba, ta shiga rumfar da mata ke saƙa. Ta durƙusa a kan gwiwoyin nan masu ciwo a gaban Asenaca da sauran matan.

"Ku na yi wa laifi," ta ce. "Na zubar muku da abinci, ban yi shawara da kowa ba. Ku yafe mini. Amma kada wata ta ɗauka na yi nadamar abin da na gaya wa matar nan, don ko gobe aka maimaita sai na faɗa."

Asenaca ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ke ko ban haƙurinki ma da faɗa a ciki." Wata ta yi dariya, sai saura suka biye mata. Aka karɓi saiwar. Tun daga ranar duk abin da Litiana ta turo sai Ulamila ta raba biyu ta kai gidan Asenaca, in ta ƙi karɓa su yi ta cacar baki har ta karɓa.

Maganar ba kamfani haƙuri kuwa ba ta yi ba, har yau. Peniasi ne ya yi ta hawa jirgin kaya zuwa Suva, babban birnin ƙasar, yana zaman jira a ofis, yana ba da haƙurin da ba shi ya yi laifin ba. Sai da shekara ta zagayo jirgin ya dawo, da sharuɗɗa. Na farko, kada a ga Ulamila a bakin teku ranar da baƙi suka sauka. Na biyu, baƙi ba za su ƙara taɓa yaran gari ba, za a ja igiya tsakaninsu. Shugabar makarantar, wadda dama abin na damunta tana tsoron magana, ta samu ƙafar tsayawa ta ce ba za ta sake rufe aji don jirgi ba. Yanzu 'yan makaranta sai lokacin tara suke fitowa, cikin rigunansu na makaranta, su yi waƙa biyu a ƙarƙashin bishiya su koma. Ƙanana dai har yanzu akwai iyayen da ke ɗaura musu ganye su zaunar da su kusa da teburin kaya, ba kuma wanda ya isa ya hana.

Mutane suka zaci Ulamila za ta ce ta yi nasara. Ina. Da aka ba ta labarin igiyar sai ta ƙara hawa.

"Igiya? Kamar awaki a kasuwa? Ai ba don 'ya'yanmu suka ja ta ba, don nasu ne. Tsoro suke kada wata tsohuwa ta sake ɗaukar musu yaro."

Duk taron gari sai ta tayar da maganar, Peniasi ya dafe kai ya ce, "Yaya, don girman Allah, yau maganar tankin ruwa muke yi." Ta ce in an gama da tankin tana nan. Da Mereoni kuwa sai da suka yi wata da watanni ba sa ga maciji, kafin rashin lafiyar Peniasi ta haɗa su a kan murhu ɗaya, suna dafa masa romon kifi suna gardamar gishiri.

Yanzu Kara ta shiga aji, tana kuma cikin masu waƙar, don da kanta ta ce tana so, kakarta kuma ta duba ta ga da riga da takalmi, ta ƙyale. Litiana ta sabunta kwangilarta, ta ce sai an gama ginin ɗaki. In jirgi ya kafa anga, Ulamila takan ɗauki kwando ta bi hanyar gona zuwa ɗaya gefen tsibirin, inda ba a jin ƙahonsa sosai, ta yini tana tsintar katantanwar teku tana mita ita kaɗai.

Tabarminta dai suna zuwa bakin teku ko da ita ba ta zuwa. Asenaca ce ke sayar mata, kuma su ake fara ɗauka, don saƙarta ƙulle take kamar da haushi aka ja kowane zare. Wani lokaci baƙi kan tambaya wa ya saƙa. Asenaca sai ta gyara fuska ta ce wata tsohuwa ce a cikin gari, baiwar Allah, mai haƙuri, ba ta son hayaniya shi ya sa ba ta fitowa. Ranar da maganar ta koma kunnen Ulamila, sai da ta taka har gidan Asenaca da gwiwar nan tata, ta tsaya a tsakar gida ta yi mata tas, Asenaca na tankaɗen rogo tana dariya har da hawaye.